Zoben Dubai

Zoben ya ƙi wuce gaɓar yatsa. Salma ta sa sabulu, ta sa man gyaɗa, yatsa ya kumbura ya yi jawur, zobe yana nan inda yake. Ga biki ya matso, ga ƙawaye duk sun sha labarin zoben daimon da ango ya yo odarsa ta waya tun daga Dubai. Wace amarya ce za ta zauna da shi a tafin hannu kamar goro?

Tun farko sai da aka yi ja-in-ja a kan zoben nan a gidansu da ke Bakura. Mahaifinta ya ce a je Talata Mafara wurin Maiwada maƙerin zinare, wanda tun zamanin kakarsu shi ke yi wa matan gidan 'yan kunne da awarwaro. Misbahu, angon, ya tuntsire da dariya. Ya ce wa ke zuwa rumfar tsoho yanzu, yana auna zinare yana gyangyaɗi? Ya zaro waya, ya latsa da babban yatsansa mai tsagaggen farce, ya tura mata hoton da ya ce mai kayan ya aiko daga can. Dutse ne ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa, amma haskensa har cikin ido. Salma ba ta ga komai a hoton ba sai dutsen. Nan take ta bi bayan Misbahu, har da ƙarin cewa kayan Maiwada na tsofaffi ne.

Mahaifin ya haƙura, don a gidan nan ba a musu da Misbahu. Bara, da 'yan bindiga suka tare motar Maradun suka shiga daji da yayarta Taiba, shi ne ya tsaya musu. Ɗan kamasho ne a tashar Mafara. Shi ya sa ta a motar da hannunsa, shi kuma ya fara kawo labari. Da aka sayar da shanu da gonar fadama aka haɗa abin fansa, maza suka yi ta kallon ƙasa, Misbahu ya ce shi zai kai. Ya dawo ƙafafu a kumbure yana hawaye, ya ce sun karɓa sun koro shi, ko inuwarta bai gani ba. Taiba ba ta dawo ba. Da ya nemi auren Salma, babu wanda ya tsaya bincike, ita kuwa dama zuciyarta ta riga ta tafi.

Ranar da ya kawo zoben, a ɗaure cikin ɗan ƙyalle, ba kwali ba komai, sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Kada ki kai shi wurin tsohon nan. Irinsu cire dutse suke yi su liƙa miki kwalba."

To, amma yatsa bai san sharaɗi ba. Ran kasuwar Mafara Salma ta ce za ta sayen lalle, ta sauka nesa da tasha, ta bi ta layin 'yan tireda har rumfar Maiwada.

Tsohon ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi mahaifinta, ya tambayi damina, ya sake yi mata ta'aziyyar yayarta da ya riga ya yi. Kunya ta kama ta, amma ta dake ta miƙa zoben.

"A ƙara masa faɗi, Baba."

Ya juya shi, ya leƙa cikinsa. Ya daɗe yana leƙawa.

"Daga ina kika ce wanga zobe ya fito?"

"Dubai. Ta waya aka saye shi," ta ce, har da ɗan ɗaga kai. Ta kafe hannuwansa da ido, kada a yi mata musayar dutse.

Maiwada ya ɗauki ɗan zarto ya yanka daidai wani siririn layi da ita ba ta taɓa lura da shi ba. Ya buɗa zoben. Maimakon ya narka sabon zinare, sai ya jawo wani tsohon gwangwanin man zafi daga ƙarƙashin buzunsa. Duk kasuwar an san shi da halin nan, har zolayarsa ake yi. In ya rage zobe ba ya riƙe guntun da ya cire, sai ya mayar wa mai shi. In mai shi ya manta, zai naɗe ya adana har ranar da ya waiwayo.

Ya kwance wani ɗan ƙulli, ya ɗauko guntu da hantsaki, ya ɗora a giɓin. Ya zauna ɗas. Zanen ganyen da ya zagaye zoben ya haɗu ta nan, ya haɗu ta can.

"Kai, Baba! Kamar don shi aka yi!"

"Ba don shi aka yi ba, ɗiyata. Daga jikinai aka cire." Ya ajiye hantsakin. "Bara wata ta zo min da shi sabo fil, mijinta ya aiko mata daga Makka, ko ku 'yan gida ba ku gani ba tukuna. Ya yi mata yawa, na rage. Tana sauri kada motar Maradun ta cika, ta zura shi a yatsa ta ruga, ta ce in aje mata guntun sai wata Talatar. Taiba ce."

Hayaniyar kasuwa ta ɗauke daga kunnen Salma. A'a, ina! Ai ɓarayi sayarwa suke yi, kaya su bi hannu-hannu har su kai ga masu sayarwa ta waya. An cuci Misbahu ne, bawan Allah, bai sani ba. Ta lalubo hoton mutumin Dubai don ta nuna wa tsohon shaida.

A karo na farko ta ɗauke ido daga dutsen, ta dubi hannun da ke riƙe da zoben a hoton. Farcen babban yatsan a tsage yake, sak na Misbahu.