Takardar Haihuwar Nazifa

Motar na barin tashar Dungass direba ya ƙara muryar rediyo, Muttaƙa kuwa ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya juya fuska wajen taga.

"Gobe ba ta da hannu, jama'a," in ji muryar da ke cikin rediyon. "Ba za ta zo ta yi maka aikinka ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani."

Shirin Malam Yanzu ne. Daga Guci har Sassumbrum ba wanda bai san muryar nan ba, don bayan rediyo har a waya ake tura ta. Nan take fasinjoji suka ɗauka. Wani tsoho ya ce albarkacin mutumin nan ya gyara rumbunsa tun kafin ruwan farko. Wata mata ta ce shi ya sa ta kai 'ya'yanta rigakafi. Na kusa da Muttaƙa ya zungure shi yana neman ra'ayinsa. Muttaƙa ya nuna maƙogwaro ya girgiza kai, aka yi ta yi masa sannu da mura. Lafiyarsa lau, kunya ce kawai ta shaƙe shi.

Maganar ta kai shekara goma sha biyar. Da cikin matarsa Huraira ya tsufa, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Magariya, can ta haifi Nazifa. Ran suna, ana cikin rabon goro, surukinsa ya ja shi gefe ya ce ya biya ta meri, ofishin magajin gari, ya yi wa jaririyar takardar haihuwa tun yana garin. Muttaƙa ya ce gobe. Goben ta zo, mota ta tashi da wuri. Daga nan aka koma sai bayan damina, sai an ɗaure hatsi, sai bayan Sallah. Ga shi kuma ba za ka kira shi rago ba, domin duk Talata da sassafe yana bakin aikinsa, bai taɓa makara ko sau ɗaya ba. Takardar nan ce dai ta zame masa dutse, kullum ya tuna ta sai ya ji nauyi, nauyin kuma ya sa ya ƙara ɗaga ta.

Nazifa ta taso ba ta ɗauko shi ba. Ta rubuta dokokin Malam Yanzu a bangon littafinta, tana bin su ɗaya bayan ɗaya: aikin yau kada rana ta faɗi a kansa, a fara da mai wuya. Shekara uku a jere ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu. Wata uku da suka wuce shugaban lakol, wato makarantarsu, ya aiko cewa duk wanda ba shi da takardar haihuwa ba zai zauna jarrabawar birebe ta kammala ƙaramar sakandare ba. Ya sake aikowa har sau biyu. Gobe da safe za a kai sunayen ɗalibai Damagaram.

Yau da asuba Huraira ba ta yi masa faɗa ba. Ta ajiye masa koko, ta ɗauko rediyo ta kunna, ta dangana ta da kwanon, ta fice. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Nazifa ta durƙusa ta miƙa masa takardunta da ƙananan hotuna biyu, ta ce, "Baba, Allah ya kiyaye hanya." Ba ta ɗago kai ba, shi ma bai iya kallonta ba.

A Magariya ya tarar da layi har bakin ƙofar biron meri, inda ake yin takardun haihuwa. Da aka zo kansa bai ce uffan ba, sai ya miƙa wa matar da ke kan tebur wata 'yar takarda da ya rubuta buƙatarsa tun a gida. Ya ji ana kiranta Madam Hinda. Ta karanta, ta sake karantawa, ta cire gilashi.

"Shekara goma sha biyar, malam? Ai wannan ta wuce nan, sai gaban alƙali da shaidu biyu. Ko yau aka fara, sai bayan mako biyu." Ta ɗaga hoton Nazifa ta duba. "Yarinya ta yi nata, uba ya kasa nasa. Kai ba ka sauraron Malam Yanzu ne? Ni da kake gani, shekara takwas ina cewa zan koma karatu, maganarsa ce ta tashe ni. Tsaya ka ji, ko Allah zai sa ta shige ka."

Ta danna wayarta, muryar ta cika biron, tana faɗin yadda uba ke cinye shekarar ɗansa da kalmar gobe. 'Yan layi suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Gumi ya jiƙe wa Muttaƙa rawani. Ya dubi ƙofa, taku huɗu ne ya fita ba wanda ya san shi. Sai idonsa ya faɗa kan hoton da ke bisa tebur, ga Nazifa cikin farin hijabin da ta goge da kanta don ranar ɗaukar hoton. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya sa hannu ya sauke rawanin daga bakinsa.

"Don girman Allah, baiwar Allah, ki duba mini ko akwai wata hanya. Laifina ne, ba na yarinyar ba. Gobe za a kai sunayen."

Dariyar ta ɗauke. Madam Hinda ta dubi wayar, ta dube shi, ta kashe ta a hankali. Sannan ta miƙe tsaye kamar yadda ake yi wa babba.

"Malam Yanzu," ta ce, "kai ne?"