Fentin Da Ya Ƙi Bushewa

Injiniya na tsaye a barandar bene yana kallon ramin da tsinin sukudireba ya huda a gindin ƙarfen da ya kewaye ta. Shi ba injiniya ba ne. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan bayan ya yi ritaya, don babu famfo ko makunnin wuta a gidan da bai kwance ba. Wasunsu ma, cikin ikon Allah, suna aiki har yau.

Mai fentin da ya kira ne ya huda ramin, ba da wani ƙarfi ba. Ya ce tsatsa ta cinye gindin ƙarfen a wuri uku. Sai an kankare tsohon fentin, a goge da burushin waya, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabo, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, sannan a yi maganar launi. Aikin kwana biyar ne.

Shi kuwa Injiniya kwana biyu gare shi. Surukinsa zai zo jibi, dattijon da ya shekara ashirin da biyar yana shiga gidan nan da idon mai binciken tsafta.

"Ka dai ji maganar mai sana'a, Baban yara," in ji matarsa daga ƙasa.

Mu maza da muka haura hamsin mun san abin da irin wannan shawarar ke yi mana. Nan take ya sallami mai fenti. Da ta fita unguwa, ya cusa tsohuwar jarida a ramukan, ya liƙe da ɗan siminti, ya bi ƙarfen da koren fenti hawa biyu. Da ta dawo ya ce mata ya duba da kansa, ƙarfen lafiyarsa ƙalau, mai fenti ne ke nema wa abokinsa mai walda aiki.

Surukin ya zo, ya hau bene, ya ce baranda ta yi kyau. Yabo na farko ke nan tun ɗaurin aure. Sai dattijon ya juya zai jingina. Injiniya ya cafke hannun rigarsa.

"Baba, fentin bai bushe ba."

Daga ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ya janye kujerun baranda zuwa jikin bango. Ya jera tukwanen fure a gaban ƙarfen, shi da bai taɓa ba shuka ruwa ba. In ya ji ƙarar ƙofar baranda, ko yana tsakiyar cin abinci, sai ya ajiye cokali ya hau da sauri yana haki. Duk wanda ya tarar, maganar ɗaya ce: fenti bai bushe ba.

Aka yi mako uku. 'Yarsa ta ce a kai fentin Baba asibiti, ba shi da lafiya. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi yaƙe.

Ba wai bai yi niyyar gyara ba. Lambar mai walda na cikin wayarsa, sau biyu ma ya danna ya katse kafin ta shiga. In mai walda ya zo zai yanke ƙarfen a gaban kowa, matarsa ta ga abin da ke ciki, ta dube shi. Wannan kallon yake gudu. Sai ya ce mako mai zuwa. In ya hango mai fenti a titi, sai ya tsallaka ɗaya hannun kamar ya tuna wani saƙo.

Da aka yi ruwan sama, wani jan ruwa ya tsatso daga gindin ƙarfen ya zana layi a bango. Ya ɗauko ƙaramin burushi ya rufe wurin. Ranar dai bai yi ƙarya ba, fentin ɗanye ne.

Wata Asabar da hantsi ya tafi aski. Matarsa ta wanke babban kafet ɗin falo, ita da 'yarta suka kinkimo shi sama yana ɗigar ruwa. Ta kawar da tukwanen fure. Sai da ta sa yatsa ta taɓa fentin, ta ji shi a bushe ƙamas. Suka ɗora kafet ɗin, ta jingina cikinta da ƙarfen ta miƙa hannu za ta baza shi.

Rabin kansa aka aske lokacin da wayar 'yarsa ta shigo. A haka ya isa asibiti.

Ƙarfen ya tafi da ita har kan simintin tsakar gida. Ƙugunta ya karye, ƙashin bayanta ya taɓu. Likita ya ce za ta rayu, maganar tafiya da ƙafafunta kuwa sai an ga abin da watanni za su yi.

A kwana na huɗu ya zauna a bakin gadon ya gaya mata komai, kansa a ƙasa. Da ya gama, sai ta ce:

"Da ka ce min ƙarfen ya ruɓe, Baban yara, dariyar kwana biyu zan yi maka, shi ke nan."

Jama'a, fenti ba ya gyara abin da ya ruɓe, ɓoye shi kawai yake yi. Ku kankare, ku duba, ku gyara kafin ku shafa. In kuma kun san da haɗari a gida, ku faɗa wa iyalinku gaskiya tun jin kunya ne kaɗai abin da za ta jawo muku.