Ramin da ke Shagon Baba

Kafin Baba ya kai keken ɗinkinsa shagon nan na bakin titin Bagudo, mai busasshen kifi ya zauna ciki, bayansa wani mai ƙetarar da fetur Benin, wanda ya tashi ba sallama.

Wata la'asar na kawo garwashin guga a kasko, na dire kan wani katako da ke ƙasa. Sai warin fetur ya taso.

"Ɗiyata, kada ki motsa," in ji Baba a hankali.

Ya sungumi kaskon ba tsumma, ya fita. Da aka ɗaga katakon, rami ne, jarka uku cike.

Yau masu cajin waya ke shagon. Ni dai in na wuce, tafin Baba nake gani, fari fat da tabon ƙuna.