Sabon Injin Lirwanu

Kwana tara ke nan Golf ɗin Lirwanu tana garejin Tsoho a bayan tashar Gummi, bonet a buɗe, kaji har sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Injin ya buga ne a hanyar Nasarawa Burkullu, da fasinja shida a ciki. Tun ranar Lirwanu bai iya zama wuri ɗaya ba. In ya je tasha ya ga direbobi suna lodi, ransa ya ɓaci, ya dawo gareji. In ya ga motar, ransa ya ƙara ɓaci, ya koma tasha. Ga yankan shinkafa ya matso, lokacin da direba ke samun abin da zai kai shi bazara.

Tsoho, bakaniken da ke duba motar tun ranar da aka sayo ta, ya shimfiɗa masa hanya biyu. Ko a tashi injin, a kwance shi, a sa sabon fistin da ringi, naira dubu ɗari uku. Ko a sayo ɗan Beljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a Turai, a ɗora kawai, dubu ɗari takwas.

"Ni da kai babu ɓoyo," in ji Tsoho yana goge hannu da tsumma. "Injin ga ya gama aikinai. In munka tashe shi, wata ukku ka dawo. Amma kai ad da kuɗi."

Da safe Lirwanu zai yanke shawara a tashi tsohon, kafin azahar ya koma ɗan Beljiyam, da la'asar kuma ya sake sabon lale. Ya tambayi direbobi, ya tambayi mai shayi, ya tambayi har mai faci. Abin da bai yi ba shi ne ya kira wani bakanike ya leƙa injin. Ina zai iya? Tsoho aminin marigayi mahaifinsa ne, da shi aka ci naman sunansa. Kawo wani ya duba aikin dattijo kamar ka ce masa maƙaryaci ne a gaban jama'a. Kunya dai ta yi aikinta.

Da ya ambaci sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗar gida, mahaifiyarsa Inna Tabawa ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Lirwanu, sa guda ba ya jan garma. Kak ka gyara hanya ka kashe gona."

Ya ji maganar ta shige shi, amma ranar kasuwa ya ja jan san da kansa. Ya dawo da igiya a hannu, ya kasa haɗa ido da Inna.

Tsohon injin kuwa Tsoho ya ce ƙarfen banza ne, amma saboda zumunci zai karɓa a dubu hamsin ya miƙa wa 'yan gwangwan. Lirwanu har da godiya. Ya so su tafi sayen sabon tare, Tsoho ya ce a'a, in dillalai suka ga mai mota sai su ƙara kuɗi. Tsoho ya tafi shi kaɗai, ya yi kwana shida, wayarsa rabi a kashe.

Ranar da injin ya iso, tashar duk ta zo kallo. An wanke shi tas, ga rubutun Turawa da jan fenti a gefensa. Ya zauna daram a mazauninsa, ko noti ɗaya ba a canza ba. Tsoho ya ce wannan sa'a ce ta mai rabo. Rasit kuma, ya ce yana nan tafe.

Motar ta tashi a bugu ɗaya. Lirwanu ya yi lodin Anka yana shafa sitiyari, yana ba fasinjoji labarin aikin Bature. Daɗi ya cika shi har ya manta da komai, sai da ya hango shinge kafin shiga Anka, jami'i ya ɗaga hannu.

Sai a nan ya tuna. Takardun motar lambar tsohon injin suke ɗauke da ita, wanda ya sayar a ƙarfen banza. Ba rasit, ba takardar canjin inji. Motar da aka kama haka, motar sata ake kiranta, a ajiye ta a ofis, shinkafa ta zo ta wuce yana zarya.

Jami'in ya karɓi takardun, ya sa aka buɗe bonet. Ya duƙa, ya goge gefen injin da yatsa, ya dubi ƙarfe, ya dubi takarda, ya sake duban ƙarfe. Lirwanu ya zagaya motar sau biyu, gumi ya jiƙe masa hula. Ya buɗe baki zai fara rantse-rantse, jami'in ya miƙe ya miƙa masa takardunsa.

"Direba, rawar jikin me kake yi? Lambar injinka ta yi daidai da ta takarda, ko ɗigo bai bambanta ba. Wuce."