Ƙofar Banɗakin Asibiti

Wata malamar makaranta ta rantse yau ko mafitsararta za ta fashe, ba za ta bar bencin asibitin ba. Duk zuwan da ta yi ganin ƙwararriyar likitar, sai tana banɗaki ake kiran sunanta, a ce ta dawo wani watan.

Rantsuwar ba ta je ko'ina ba. Malamar ta kwasa da gudu, ta tarar da ƙofar banɗakin a kulle.

"Baiwar Allah, ki yi wa Allah ki fito! Marata kamar an zuba barkono."

"Tun yaushe?" in ji wata murya daga ciki.

Ita da ko a gaban mijinta take jin nauyin ambaton fitsari, sai ga ta tana zazzage wa ƙofa cikinta: shekara da shekaru tana zaryar banɗaki, kowane gwaji a ce babu ƙwayar cuta, surukarta ta ce iskokai ne.

"In kin yi, zafin yana lafawa?"

"Ya lafa, ya dawo! Ke dai fito, sarauniyar tambaya!"

Daga nesa ta ji nas ta kira sunanta, ta wuce kan na gaba. Shi ke nan, sai wani watan.

Ƙofar ta buɗe. Wata mata ta fito tana gyara farar rigarta.

"Ni ce likitar. Ina zargin kumburin mafitsara ne, irin nawa. In kin fito za mu duba. Amma ki yi sauri, 'yar'uwa, ni ce a layi bayanki."