Jar Dawar Tsoho da Kwandon Ragowa

Tunda ka ce na'ura ba ta ƙarya, Sallau, gyara zama in ba ka misali.

An yi wata mai binciken iri, mace mai kaifin basira amma ba ta da zama, irin mutanen nan da ke zuba gari ruwa bai tafasa ba. Saura wata biyu damina ta faɗi, wani tsohon manomi ya kawo mata jar dawa a ƙullin tsumma. Tun kakanninsa suke shuka ta. Wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotse saiwar dawa, kan cinye gonakin maƙwabta ta bar tasa, sai dai dawar ba ta cika rumbu, 'ya'yansa kuma sun matsa masa ya koma irin zamani. Ya ce, "'Yata, duba mini. In da wani abu a cikinta in riƙe, in babu in huta da surutu." Ta niƙe ƙwayoyin kaf, ta zuba a na'urar da ke karanta rubutun gado na ƙwayoyin halitta. Na'urar ba ta iya karanta shi da tsawonsa, sai ta yayyanka shi gutsi-gutsi, miliyoyi. Daga nan wata manhaja ke ɗaukar kowane gutsure ta nema masa gurbi a jikin cikakken rubutun wata dawa da aka aro daga ƙasar waje. Wanda ya dace ya zauna, wanda bai sami gurbi ba a watsa shi kwandon ragowa. Kashi casa'in da biyu cikin ɗari suka zauna daram, ba ta ga wani abin a zo a gani ba. Hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta canza ma'auni ta sake, ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga tana duban gabas ko hadari ya fara haɗuwa. Sau huɗu, amsa ɗaya. Kwandon nan kuwa ko leƙa shi ba ta yi ba, don tun tana ɗaliba aka ce mata shara ce. Ta aika wa tsoho cewa dawarsa dawa ce kamar kowace, ƙasar gonarsa ce mai albarka.

Kaka ta kusa, kwamfutarta ta cika, ta zo share ragowar. Har ta ɗaga yatsa sai ta fasa, ta ce bari dai ta haɗa su isu-isu, ban da rubutun aro. Guntayen suka kama juna suka yi dogon layi, mai kama da wanda tsiro ke kare saiwarsa da shi, kuma babu shi sam a dawar waje. Ashe abin da ya hana su gurbi ke nan. Ta bar ƙofa a buɗe, ta tari mota, ta hau acaɓa har ƙauyen. Tun daga nesa ta hango gonar ta yi jajir da furen wuta-wuta, dawar zamani ko gwiwa ba ta kai ba. Ta tambayi tsohon ina sauran irin. Ya ce, "Ai tunda kika ce babu komai, muka sha kununsa." Ta faɗa rumbu tana lalube da hannu biyu, ƙaiƙayi kawai ta damƙo. Ta zauna a gindin rumbun, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Sirrin dawar na nan cikakke a kwamfutarta, rubutu kuwa ba a shuka shi.

Ka ga dai na'urar ba ta yi ƙarya ba, da abin da aka miƙa mata ta yi awo. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: zanen aro ba ya rufe katara.