Kwanon Baƙo

"Rabonmu na yau kacokan ka juye wa bishiyar lemo?" in ji Hansatu, murya ƙasa-ƙasa. "Ga Baba can a zaure, tun daga tasha a ƙafa ya tako."

"Bushewa take yi," Mudi ya ce. "Ina na san zai zo?"

Ya sake ɗora yatsa a kan famfo. Famfon ya yi ɗan ƙara, ya nuna ja. Sai gobe kuma.

Tun da aka fara rabon ruwa da zanen yatsa al'ada ta sauya. Kwanon sha ake kawo wa baƙo babu komai ciki, ya kai baki don girmamawa ya ajiye, tunda kowa da gorarsa yake yawo. Mudi ya goge kwanon, ya kai zaure, ya durƙusa gaban surukinsa.

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Gorar da ke kafaɗarsa a buɗe take, ko ɗigo babu. Ya kafa kai, ya daɗe, har maƙogwaronsa na motsi.

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi albarka."

Mudi ya karɓi kwanon.

Da suka shiga cikin gida, Baba ya tsaya a gindin bishiyar, ya zuba wa jiƙaƙƙiyar ƙasar ido. Ya sunkuya da ƙyar ya dafa ta, sannan ya shafa danshin a tsagaggun leɓɓansa.

"Mudi," ya ce a hankali, "ta fara 'ya'ya kuwa?"